Daga Teburin 'Yan Caca Zuwa Madatsar Tiga: Tarihin Lissafin Yiwuwa

A manhajar lissafi ta aji biyu na ƙaramar sakandare akwai wani ɗan gajeren babi da yakan faɗo a zangon ƙarshe na shekara, daidai lokacin da ruwa ya sauka, hankalin yaran Doguwa da Tudun Wada ya rabu tsakanin allo da gonar masara. Malam zai zana jaka, ya ce a cikinta akwai jajayen ƙwallaye 3 da farare 2. Yaro ya zura hannu ido a rufe ya zaro ɗaya, ya mayar, ya sake zarowa. Mece ce yiwuwar ya samu ja har sau biyu? A ninka 3 cikin 5 da 3 cikin 5, a samu 9 cikin 25. To in bai mayar da ta farkon ba fa? Nan jaka ta riga ta canja, saura jajaye 2 cikin ƙwallaye 4, sai amsa ta koma 6 cikin 20. A lissafin farko zarowar farko ba ruwanta da ta biyu. A lissafi na biyu kuwa, ta biyun tana rataye da ta farko.

Yara kan haddace wannan saboda jarrabawa, su watsar da an tashi. Amma tambayar da ke ƙarƙashinsa, wato ko abin da ya faru ɗazu yana taɓa wanda zai faru an jima, ta ci wa masana ɗaruruwan shekaru kafin su tsara ta a rubuce, kuma manya daga cikinsu sun yi tuntuɓe a kanta. A kudancin Kano tambayar tana nan a girman tafkin Tiga, tana nan a yadda manomi ke gauraya shukarsa, tana kuma nan a takardar gwajin jinin da yanzu doka ta ce sai an gani kafin a ɗaura aure.

Jefa ƙuri'a ya girmi lissafinta nesa ba kusa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin waɗanda suka jefa alƙalumansu domin a fitar da mai riƙon Nana Maryamu, riƙon ya faɗa hannun Annabi Zakariyya, ya kuma ba da labarin ƙuri'ar da aka yi a cikin jirgin ruwa ta faɗa kan Annabi Yunusa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A kan haka malaman Malikiyya suka yi bayanin rabon dukiyar tarayya ta hanyar ƙuri'a: inda haƙƙoƙi suka yi kunnen doki, babu dalilin fifita wani, ƙuri'a tana kashe rigima. Caca kuwa, wadda ake zuba dukiya domin a cinye ta wani, Suratul Ma'ida ta haramta ta ƙarara.

Har gobe matan da ke zubin adashe a Kiru ko Bebeji, in ba a shirya kwasa bisa buƙatar kowa ba, sukan rubuta lambobi a 'yan takardu, a dunƙule, uwar adashe ta zuba a faifai, kowacce ta miƙa hannu. A ce su 10 ne. Wadda ta fara ɗauka, rabonta da lamba ta ɗaya 1 ne cikin 10. In ta kuskure, mai bi mata tana da 1 cikin 9, domin takardar da aka ɗauka ba ta komawa faifai. Shi ya sa wasu ke rububin fara ɗauka, wasu kuma ke noƙewa sai takardu sun ragu. Dukansu wahalar banza suke yi. Kafin mace ta biyu ta samu lambar, sai ta farko ta kuskure tukuna, wannan kuwa 9 ne cikin 10. A ninka shi da 1 cikin 9, sai a dawo kan 1 cikin 10 cif. Haka lissafin zai yi ta fitowa har kan ta goma. Matan sun daɗe da amincewa cewa hanyar tana da adalci, hujjarta a rubuce ce ta makara.

Kayan aikin hujjar ma sun daɗe a hannun Musulmi. A ƙarni na 8 Khalilu bin Ahmad na Basra, yana tsara ƙamusunsa Kitabul Aini, ya ƙirga iya adadin kalmomin da za a iya ƙerawa in an jujjuya haruffan Larabci biyu-biyu, uku-uku, har zuwa biyar-biyar. A ƙarni na 9 Alkindi na Bagadaza ya nuna yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. A nan gida, Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya bar Katsina ya tafi aikin hajji ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan jera lambobi cikin gidajen hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Malaman zaure kuma sun narke a kasafin gado: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi, sudusi. Ƙirga tana nan, kasafi yana nan. Abin da ya rage shi ne a ɗauke su a auna abin da bai faru ba tukuna, kuma waɗanda suka fara matsa wa wannan lamba 'yan cacar Turai ne, saboda su ne ke jefa ɗan lido sau dubbai, kowane kuskuren lissafi kuma a aljihunsu yake ƙarewa.

Na farkonsu da ya zauna ya rubuta littafi shi ne Gerolamo Cardano, wani likitan Italiya da caca ta kama shi tsawon shekaru. Ya rubuta shi wajen 1564, amma ba a buga ba sai 1663, shekara 87 bayan rasuwarsa. A cikin littafin ana ganin mutum yana kokawa da tunaninsa. Da farko ya ɗauka tunda yiwuwar fitowar wata lamba a jifa ɗaya 1 ce cikin 6, to a jifa uku ta zama rabi. Da haka ne, da jifa shida ya wajabta fitowarta, alhali duk yaron da ya taɓa zaman jiran "siks" a wasan lido ya san ana iya jifa goma ba ta leƙo ba. Cardano ya gyara, ya ƙirga hanyoyi 216 da jifa uku kan iya faɗuwa, ya tarar 91 ne kawai ke ɗauke da lambar, wato kusan kashi 42 cikin 100. Tarawa ya yi da farko, inda ninkawa ake bukata.

Shekarar da masana tarihi suka fi riƙewa ita ce 1654. Wani mai sha'awar caca a Faransa, Antoine Gombaud, wanda aka fi sani da Chevalier de Méré, ya kai wa Blaise Pascal wata tsohuwar matsala da Luca Pacioli ya buga tun 1494. Mutum biyu sun zuba kuɗi, sun yi sharaɗin duk wanda ya fara cin wasa uku ya kwashe, sai wani dalili ya tashe su kafin a gama. Yaya za a raba kuɗin? Pacioli ya ce a raba gwargwadon abin da kowa ya riga ya ci. Pascal a Faris da Pierre de Fermat, wani alƙali a Toulouse, suka yi ta musayar wasiƙu a kai, suka juya tambayar ta fuskanci gaba. A wasiƙarsa ta 29 ga Yuli, Pascal ya kawo misalin da kowa ya zuba tsaba 32, ɗaya ya ci wasa biyu, ɗaya ya ci ɗaya. Da za a buga na gaba, in mai biyu ya ci ya kwashe 64 duka. In ya faɗi an yi biyu da biyu, kowa ya ɗauki 32 ɗinsa. Ashe ko ta yaya 32 tasa ce. Ragowar 32 ita ce ke tsakanin samu da rashi, sai a raba ta biyu. Mai biyu ya tashi da 48, ɗayan da 16. Fermat ya bi wata hanya dabam, ya jera duk yadda ragowar wasannin za su iya kasancewa, ya faɗo kan amsa guda. A nan aka fara sa wa abin da bai faru ba ma'auni na lamba.

Bayan shekara uku, a 1657, Christiaan Huygens na Holan ya fitar da littafi na farko da aka buga a kan fannin. Jacob Bernoulli na Basel, a Suwizalan, ya shafe wajen shekara 20 yana neman hujjar abu guda, aka buga ta a 1713 bayan ya rasu. Ya ce a ɗauki tulu mai fararen tsakuwoyi 3,000 da baƙaƙe 2,000, mai zarowa bai san adadinsu ba. In ya yi ta zarowa yana rubutawa, gwargwadon yawan zarowarsa gwargwadon yadda sakamakon zai matso 3 da 2. Amma ya gindaya sharaɗi: duk tsakuwar da aka zaro sai an mayar da ita kafin a sake. Jakar da malam ke zanawa a allo jikanyar wannan tulun ce.

Wanda ya fito fili ya raba abubuwan gida biyu shi ne Abraham de Moivre. Bafaranshe ne, an haife shi a 1667, ya yi hijira zuwa Landan bayan da sarkin Faransa ya soke 'yancin mabiya ɗariƙar Furotesta a 1685. Duk da abotarsa da Isaac Newton bai taɓa samun kujerar koyarwa a jami'a ba, ya rayu yana bi gida-gida yana koyar da 'ya'yan masu hali, yana zama a wani shagon shan gahawa yana warware wa mutane lissafi su biya shi. Littafinsa kan lissafin sa'a ya fito a 1718, aka sake buga shi da ƙari a 1738 da 1756. A cikinsa ya bayyana abubuwa biyu masu zaman kansu da cewa su ne waɗanda faruwar ɗaya ba ta ƙara wa ɗayan komai, ba ta kuma rage shi, sannan masu rataye da juna su ne waɗanda faruwar ɗaya ke canja yiwuwar ɗayan. Misalinsa na karta ne. Tuli biyu, kowanne kati 13, a zaro mai lamba ɗaya daga kowanne: 1 cikin 169. Tuli guda, a zaro mai lamba ɗaya sannan mai lamba biyu: 1 cikin 13 sau 1 cikin 12, wato 1 cikin 156. Darasin da ake yi yau a ajin ƙaramar sakandare bai ƙara komai a kan wannan ba.

Rubuta ƙa'ida bai sa zukata sun miƙa wuya ba. Jean d'Alembert, ɗaya daga cikin manyan masana lissafin Faransa, ya rubuta a 1754 cewa in aka jefa kwabo sau biyu, yiwuwar fuska ta fito ko da sau ɗaya 2 ce cikin 3, alhali 3 ce cikin 4. Ya kuma karkata ga cewa in fuska ta jera fitowa, baya ya kusa. Wannan zato, cewa kwabo na bin mutum bashi, shi ne ya tsiyata jama'a a gidan cacar Monte Carlo ranar 18 ga Agustan 1913, inda ƙwallon faifan caca ya faɗa gidan baƙi sau 26 a jere. Tun daga wajen juyi na goma sha wani abu mutane ke ta zuba dukiya a kan ja, wai lokacinsa ya yi. Faifan bai san abin da ya yi a juyin baya ba.

Kusan shekara 200 fannin ya fi ƙarfi a ɓangaren abubuwa masu zaman kansu, domin su ne masu sauƙin ninkawa. Andrey Markov na Rasha ne ya buɗe ɗaya ƙofar sosai daga 1906, da lissafin sarƙa, inda kowane mataki ke dogara da wanda ya gabace shi. A 1913 ya zauna da hannu ya ƙirga haruffa 20,000 na farkon wani littafin Pushkin, ya nuna cewa wasali ya fi yawan biyo bayan baƙi fiye da yadda yake biyo bayan wasali ɗan'uwansa. Wayar da ke cankar kalmar da mutum zai rubuta kafin ya gama, daga wannan tunanin ta samo tushe. A 1933 Andrey Kolmogorov ya tattara fannin duka ya ɗora shi kan 'yan ƙa'idoji kaɗan, waɗanda ake amfani da su har yau.

Labarin ya fi kusantar Bebeji ta hanyar Kogin Nilu. Harold Edwin Hurst, wani Baturen Ingila, ya je Masar aiki a 1906 ya shafe rayuwarsa yana auna kogin. Tambayarsa ta injiniya ce: yaya girman tafki zai kai kafin ya riƙe ruwan da zai ishi ƙasa ko da shekaru sun ƙi? Masar tana da abin da babu mai irinsa, ma'aunin ruwan tsibirin Rauda a Alƙahira, da bayanan cikar kogin da suka faro tun ƙarni na 7. In da kowace shekara zaman kanta take yi kamar jifan kwabo, da shekarar ƙamfa da ta yalwa sun riƙa cakuɗuwa, madaidaicin tafki ya wadatar. Abin da Hurst ya buga a 1951 ya saɓa wa haka. Shekarun cika sukan zo a jere, na ƙamfa ma a jere, don haka tafkin da ake bukata ya fi wanda tsohon lissafi ke bayarwa girma ƙwarai. A 1968 Benoit Mandelbrot da James Wallis suka raɗa wa wannan ɗabi'a sunan Annabi Yusuf, saboda shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari da ya fassara a mafarkin sarkin Masar.

Dattawan ƙasar Kano ba sa bukatar a ba su wannan labari. Shekarun 1950 na ruwa ne. Daga wajen 1968 damina ta fara ja da baya a duk yankin Sahel, ta yi tsanani a 1972 da 1973, ta sake yin wani mummunan faɗuwa a 1983 da 1984. A tsakiyar wannan ne gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, a ƙasar Bebeji. Ruwan yana gangarowa ne daga tuddan kudu, ta wajen Riruwai da dajin Falgore, ya taru a tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178, wanda aka gina ya ɗauki kusan mita biliyan 2 na ruwa a ma'aunin cika. Shi ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, shi ke taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. Amfanin tafki irin wannan shi ne ya ɗauki rarar shekara mai kyau ya kai ta shekarar da ta gaza, kuma duk wanda ke riƙe da makullin sakin ruwansa dole ya sa a ransa cewa fari yakan zo da ƙaninsa.

Ambaliya ma tana da nata lissafin, kuma a nan ne ake yawan yi wa injiniyoyi gurguwar fahimta. In suka ce ambaliyar shekara 100, nufinsu ita ce wadda yiwuwarta a kowace shekara 1 ce cikin 100. Ba alkawari ba ne cewa in ta zo bana an huta sai jikoki. In aka ɗauki shekarun a matsayin masu zaman kansu, yiwuwar a gan ta ko sau ɗaya cikin shekara 30 ta kai kashi 26 cikin 100, cikin shekara 50 kuwa ta doshi kashi 40. A cikin damina guda kuma kwanaki ba sa zaman kansu ko kaɗan: ruwan yau yana sauka ne a kan ƙasar da ta ƙoshi jiya da tafkin da ya cika shekaranjiya. Mutanen Bebeji sun ga haka a watan Agustan 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwa, ta ci gidaje da gonaki da rayuka.

Manomi ya daɗe da nasa maganin. Shekara da shekaru malaman gona na zamani suna kallon gauraya gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa. David Norman da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello suka bi manoman ƙauyukan Zariya a shekarun 1960 suna auna abin da suke shukawa da abin da suke girba. Sakamakon da ya buga a 1974 ya nuna gaurayen ya fi ba da riba a kowace eka, kuma abin da ake samu bai cika tashi da faɗuwa daga shekara zuwa shekara ba. Dalilin a fili yake. Gero yana nuna da wuri, dawa tana jiran ƙarshen damina, wake yana cin raɓa. Abin da zai kashe ɗaya ba lalle ya kashe sauran ba, sai ya zamana faɗuwarsu gaba ɗaya ta yi wuya. Gonar da aka shuka abu guda kuwa, kowane tushe ƙaddararsa ɗaure take da ta maƙwabcinsa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta bi Arewa ta share gonaki, a kan raunin da fari ya riga ya yi, kuma dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi kamar da ba. Masu mayar da gonakin Doguwa da Tudun Wada masara zalla ko shinkafa zalla saboda farashi ya kamata su san irin cinikin da suke ƙullawa.

Shigar fannin aji a Nijeriya ba ta daɗe ba. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da waɗanda suka biyo ta, lissafinsu na tarawa da ɗebewa da awo da kuɗi ne. Sai a shekarun 1960, da guguwar abin da aka kira lissafin zamani, wanda aka riƙa rubuta littattafansa a tarurrukan Entebbe ta Yuganda daga 1962, sababbin fannoni irin su ƙididdiga da yiwuwa suka fara leƙo makarantu. Iyaye da malamai suka yi ta kuka da shi, har a watan Janairun 1977 Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi a wani taro a Benin. Manhajar da aka tsara bayan haka domin tsarin 6-3-3-4, wanda ya fara aiki a 1982, ta bar wa ƙididdigar yau da kullum gurbi a ƙaramar sakandare. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da manhajar shekara tara ta hukumar NERDC da aka fara aiki da ita a 2008, sun tabbatar da shi a wurin. Cikakken bayanin abubuwa masu zaman kansu da ƙa'idar ninkawa kuwa an fi ajiye shi sai babbar sakandare.

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da babin, ganin misalansa duk karta ce da ɗan lido, wasu ma suna jin ƙamshin duba a cikinsa. Damuwarsu abar saurare ce, kuma laifin na littattafan ne da suka kwaso misalan Turai yadda suke. Amma tsakanin wannan ilimi da duba akwai rata mai faɗi. Boka yana da'awar sanin abin da zai sami wane ranar kaza. Lissafin yiwuwa ba ya cewa komai a kan mutum ɗaya ko rana ɗaya, iyakarsa ya faɗi yadda abu kan kasance in an maimaita shi da yawa, domin mai hankali ya yi tanadi ya bar wa Allah sauran. Annabi Yusuf ma rumbu ya sa aka cika.

Babu kuma abin da ke tona asirin caca kamarsa. Matashin da ke haɗa wasannin ƙwallon Turai 10 a tikiti ɗaya a wayarsa yana ganin kowanne kamar a aljihu yake. A ba shi ma cewa kowane wasa yana da tabbacin kashi 70 cikin 100. Wasannin ba ruwan ɗaya da ɗaya, don haka ninkawa za a yi sau 10, abin da zai rage bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Kukan da ake ji kullum na "wasa ɗaya ne ya yanka ni" haka aka gina abin ya kasance. Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan irin wannan caca da dama a watan Oktoban 2024, amma shagon da ke cikin waya ba ya rufuwa da kwaɗo, sai dai yaron ya iya lissafin da kansa.

Inda rashin sanin ya fi ciwo shi ne amosanin jini, wato sikila. Kimanin mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da AS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu sikila a ƙasar duk shekara. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Mutane da yawa suna jin wannan su fassara shi da cewa ɗa ɗaya ne cikin huɗu, in na fari ya zo da ita an biya, ukun da ke tafe lafiya lau. Wasu kuma su ce a haifi uku a tsaya kafin na huɗun. Wannan shi ne kuskuren Monte Carlo, an shigo da shi ɗakin haihuwa. Kowane ciki zaman kansa yake yi, sabon zarowa ne daga jakar da aka mayar wa ƙwallonta. A iyalai irin wannan masu 'ya'ya huɗu, kusan kashi 32 cikin 100 ba za su sami mai sikila ko ɗaya ba, kashi 42 za su sami ɗaya, kashi 26 kuma za su sami biyu ko fiye. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaron da ƙashinsa ke sara ya san nauyin wannan kashi 26.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da na jinotayif da ƙanjamau da ciwon hanta. Doka ta kai takardar hannun waliyyai da limamai. Fahimtar abin da haruffa biyun nan na AS ke nufi ga ciki na farko da na biyar kuwa aikin aji ne, kuma yara da yawa a ƙauyukan Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, musamman mata, karatunsu a aji uku na ƙaramar sakandare yake tsayawa, ba sa kaiwa inda aka ajiye cikakken darasin. Saboda haka kira yana kan malaman lissafi na waɗannan makarantu da jami'an ilimi na shiyya: a matso da babin nan gaba kafin damina ta kwashe yara, a ba shi makonninsa cikakku, a koyar da shi da takardun adashe da ƙwayar wake fari da ja da takardar gwajin jini, kuma kada yarinya ko yaro ya bar aji uku bai iya bambance abin da ake mayarwa jaka da wanda ba a mayarwa ba.